Ƙwan da Ke Kan Rimin Masaƙa

Kun tashi kuna jin yaran unguwa suna kirana Baban Ungulu, wasunku har dambe sun sha saboda sunan, amma ban taɓa zaunar da ku na gaya muku inda ya samo asali ba. Kun kuma sha tambayar uwarku abin da ya hana Baffanku Sale zuwa ɗaurin auren ko ɗaya daga cikinku, ita kuma kullum sai ta ce ku tambayi mai gidan. To, abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, kuma a shekara ɗaya suka faru. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, gara in rubuta muku da hannuna kafin wani ya ba ku labarin a karkace.

Na zo Challawa a nan Kano daga ƙauyenmu na Jigawa ina saurayi, aka ɗauke ni a wani kamfanin jima. Aikina kankare fata. Idan an sauke ɗanyun fatu daga mota, mu ne za mu bi su da wuƙa mu cire sauran tsoka da kitsen da mahauci ya bari, kafin a kai su ga gishiri da ruwan magani. A wancan lokaci ungulu ta yi yawan da ba wanda ke ɗaga kai ya dube ta. Suna jere a kan katanga, suna kan rufin sito, suna takawa a bayan kamfani kamar tsofaffin da suka zo jiran albashi. Tsofaffin majema suna da wata al'ada, tsokar farko da mutum ya kankare da safe sai ya wurga ta bayan katanga ya ce rabon masu shara. Na tarar ana yi, ni ma na yi, ban tambayi dalili ba, wanda kuwa abin mamaki ne a wurina, don tun ina yaro babanmu ke cewa tambayata ta fi ta alƙali yawa.

Ba wanda zai iya nuna muku ranar da suka ɓace. Hanci ne ya fara gaya mana. Jujin bayan kamfani ya soma wani irin ɗoyi da ba mu san shi da shi ba, ƙuda ya yi yawa, karnukan da ba su da iyayen gida suka mamaye wurin har mata masu sayar da abinci suka daina bi ta nan. Wata safiya na wurga rabon masu shara, na ji ya faɗi ƙasa tim, ban ji kaɗawar fiffike ko ɗaya ba. Na taka bulo na leƙa. Kare ne kawai yake kallona. A nan abin ya shiga kaina, kuma kun san halina, in abu ya shiga kaina ba ya fita sai na ga ƙarshensa. Na fara bin mutane da tambaya. Na tambayi mahauta a Sharada. Ran hutu in hau adaidaita sahu in je Bompai wurin direbobin manyan motoci, tunda su ne masu ganin duniya, in ce don Allah a kan hanyarku kuna ganin ungulu kuwa? Wani ya ce sun gudu ne saboda zunubin mutanen zamani. Wani ya ce hayaƙin kamfani ne. Wani ya dube ni sama da ƙasa ya ce in je a duba kaina. Sai wani dattijon direba ya ja ni gefe ya ce ya gani da idonsa, ana zuba guba a mushen jaki, su sauka su ci su zube, a kwashe su a buhu a kai wa masu haɗa magani, kai daban, ƙafa daban, ƙwai kuwa ya fi komai daraja. Na dawo gida ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ana cikin haka wata rana lokacin hutun azahar sai ga wata mata a ƙofar kamfani, sanye da hijabi da takalmin sau ciki, tana yi wa leburori irin tambayar da nake yi. Abokan aikina suka fashe da dariya.

"Habu, fito, ga 'yar'uwarka ta zo. Ashe ku biyu ne a garin."

Malama Rukayya ke nan, malama ce a jami'a, ilimin tsuntsaye take karantarwa. Na zaunar da ita a kan benci na fara zazzago mata tambayoyi har sai da aka kaɗa ƙararrawar komawa aiki. A bakinta na fara jin cewa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, shi ya sa in an kashe garke guda ba a mayar da shi da wuri. A bakinta na ji cewa cikin ungulu yana narkar da cutar da ke jikin mushe, kare kuwa ɗaukar ta yake yi ya kai cikin gari. Na ce ashe shekara da shekaru ma'aikatan tsafta ne muke jifa da dutse. Ta yi dariya ta ce haka ne, kuma ba su taɓa yajin aiki ba sai da muka kashe su.

Ita ta tara mu a inuwar masallacin bakin titi, majema da mahauta da masu gadi, da limaminmu wanda ya buɗe taron da cewa Allah bai halicci komai don wasa ba. Muka tsayar da abu biyu. Na farko, za mu ware wani fili a bayan masana'antu mu riƙa kai tsoka da kayan cikin da ba a ci, amma sai daga ɗanyar fatar da gishiri ko magani bai taɓa ba. Na biyu, duk wanda Allah ya nuna wa sheƙa, ba zai gaya wa kowa wurin ba sai Malama, ko da matarsa ce. Liman ya ce wannan amana ce, muka shafa fatiha a kanta. Muka yi ta kai nama, shaho ya ci, hankaka ya ci, kare ya ci. Mutane suna wucewa suna yi mana kallon waɗanda suka rasa aikin yi. Uwarku ma ba ta bar ni ba.

"Malam, in sun naɗa ka sarkinsu ka faɗa min da wuri, in jiƙa shinkafar biki."

Bayan an gama girbi ne Illo ya zo ya same ni. Mutumin Maraɗi ne, yana gadin wata masaƙa da ta daɗe a rufe, wadda ciyawa ta cinye har bakin tagoginta. Bai san inda zai sami Malama ba, shi ya sa ya ce in zo in ga wani abu. Muka ratsa tsakanin injinan da suka yi tsatsa, muka hau tsanin tsohon tankin ruwa, ya nuna min wani rimi da ke kusurwar katanga. A can ƙoli, inda rassa suka rabu, ga tarin ƙirare, ga kuma kan ungulu ya leƙo. Wallahi sai da na riƙe ƙarfe don kada in faɗo. Na sanar da Malama, ta ara min madubin hangen nesa, daga ranar kuwa duk sanda na tashi daga aikin safe, kan tankin nan ne gidana.

Abin da na gani a wurin har yau yana ba ni mamaki. Su biyu ne, mata da miji, kuma kwanci suke yi bi da bi. In ɗaya ya dawo daga kiwo sai ya sauka a reshe ya ɗan jira, ɗayan ya miƙe a hankali, ya sa baki ya juya ƙwan, sannan ya ba da wuri. Fuskarsu da nake ɗauka baƙa ce ashe fara-fara ce, kuma in ransu ya tashi sai ta yi ja kamar ta mai jin kunya. Na tambayi Malama me ke kawo haka, ta ce jini ne ke taruwa. Na ce to me suke ji a lokacin, fushi ko murna? Ta ce wannan kam sai in tambaye su. Akwai wani famfo da ke yoyo a tsakar masaƙar, kullum da rana sai wanda ba ya kan ƙwai ya sauko ya yi wanka, ya koma kan rufi ya baza fuka-fukai a rana har ya bushe. Tsuntsuwar da muke zagin ƙazami da sunanta, ta fi wasu abokan aikina yawan wanka. Ban gaya wa kowa wurin ba, amma bakina bai iya yin shiru da abin da na gani ba, ina ta ba da labarin wanka da jan fuska a wurin shan shayi. Daga nan sunan Baban Ungulu ya fito, kuma leburorin da ke komawa gida ƙarshen mako suka ɗauke shi suka kai har ƙauyenmu.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Saratu, don ba ku san ta ba. Ita ce 'yar farin Yaya Sale. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya yi min aure, ban taɓa ce masa "kai" ba, sai "ku" na girmamawa. Mutum ne na da, mai tsananin alkunya. Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari, to nasa ya wuce na kowa. Bai taɓa ɗaukar Saratu a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan, ko ya ce ke. In za a yi maganarta sai ya tashi ya bar wurin. Don haka ni ne ubanta na fili. Ni na goya ta a wuya zuwa kasuwa, ni na sayo mata 'yan kunnen farko, in ta yi laifi bayana take ɓuya. Da ta fara zama budurwa sai farfaɗiya ta same ta. Ta taɓa faɗawa gefen murhu har ta ƙone a hannu. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an zaga masu magani har an gaji.

Wata Juma'a bayan la'asar na dawo gida na tarar da Yaya zaune a kan tabarma a tsakar gida, ga buhun gero da ya kawo mana jingine a ƙofa. Uwarku ta ajiye masa abinci, bai buɗe ba. Na durƙusa na gaishe shi, muka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga maganar da ta kawo shi.

"Jikin yarinyar nan ya ƙi," in ji shi.

"Allah ya kawo sauƙi, Yaya."

"An kai ni wurin wani mutum a can arewa da mu. Ya ce abu ɗaya ya rage, ƙwan ungulu, wanda aka ɗauko daga sheƙa bai taɓa ƙasa ba. Na nema har na gaji, babu. Sai aka ce min kai ka san inda yake."

Da na ce masa zancen mutane ne kawai, da ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Amma dalilin da bai taɓa kama ni ba shi ne ban taɓa yi masa ba.

"Na sani, Yaya."

"Alhamdu lillahi. To tashi mu je tun da sauran rana."

"Ku yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Na fara bayani. Na ce ƙwan ba zai yi mata komai ba, wanda ya faɗa musu haka neman abincinsa yake yi. Na ce a nan Kano akwai likitocin wannan ciwo, Malama ta ce akwai ƙwayar da in ana sha faɗuwar takan ragu, ku bar min ita a gidana ni zan yi ta kai ta. Na ce na ɗauki amana a gaban liman. Na ce duk faɗin Challawa da Sharada da Bompai wannan ce sheƙar da muka sani, kuma ƙwai ɗaya ne a ciki, guda ɗaya tak.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali:

"Saratu ma guda ɗaya ce, Habu."

Uwarku tana bakin murhu, na ji ludayi ya faɗi daga hannunta. Tunda aka haifi yarinyar nan ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa sai ranar. Mutumin da ko kallonta ba ya yi a gaban jama'a, ya hau mota ya zo birni, ya ajiye kunyar da ya riƙe tsawon rayuwarta a gaban ƙaninsa da matar ƙaninsa. Na ji ƙafafuna suna so su miƙe da kansu. Na ce a raina, mene ne ƙwai? Ba shi in ya so ya gani da idonsa cewa ba ya magani. Amma na san abin da zai biyo baya. Rimin nan ba ya hawuwa sai an nemo mai hawa, mai hawa kuwa yana da baki, kafin mako ya zagayo masu guba sun san hanya, iyayen ma ba za su tsira ba. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan gwiwata, na ce ku gafarce ni, Yaya.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya jawo takalmansa ya sa, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Allah ya bar ka da tsuntsunka."

Na bi shi har bakin titi ina roƙo, bai waiwayo ba. Da na dawo uwarku ta tare ni a ƙofa, idonta jawur.

"Da ka ce masa ba ka sani ba, me zai ci ka?"

"In yi wa Yaya ƙarya?"

"To ga gaskiyar nan, sai ka dafa ta mu ci."

Duk da haka ita ce ta shirya ta tafi ƙauye bayan kwana kaɗan, ta durƙusa ta roƙe shi ya ba ta Saratu ta taho da ita asibiti. Ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka yanka mata kaza, amma ya ce maganin da ya biyo ta hannun Habu ba zai shiga gidansa ba.

Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin sanyi. Wani ɗan abu ne mai gashi kamar auduga mai datti, kai ya fi jiki girma, ba ya iya ɗaga wuya. Iyayen sukan dawo da abinci a maƙoshi su amayo masa, in rana ta take ɗaya ya tsaya a kansa ya buɗe fuka-fukai ya yi masa inuwa. Na yi zaton zai tashi da wuri kamar ɗan tattabara, ashe wata da watanni ne. Ya yi gashi, ya fara tsalle daga reshe zuwa reshe, yana kaɗa fiffike yana fasawa. Ni da Illo muna kan tanki muna ba shi ƙarfin gwiwa kamar masu kallon dambe. Ana gab da saukar ruwan farko ya saki reshe, ya yi tangal-tangal a iska, ya sauka a rufin masaƙa da ƙyar. Illo ya yi kabbara. Ni kuwa dariya nake yi, ina tunanin wa zan fara gaya wa, sai na tuna wanda na fi so in gaya wa ba ya amsa sallamata.

Cikin daminar nan Saratu ta je wanki bakin kududdufi, ciwon ya tashi, ba kowa kusa. Na je ta'aziyya. Yaya ya miƙo min hannu kamar yadda ya miƙa wa kowane baƙo, ya ce Allah ya ba da lada, ya juya ga na bayana. Daga nan bai sake taka gidana ba, ko suna ko ɗaurin aure, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Aikin bai tsaya ba. Mahauta suka fara korar masu zuwa cigiyar kan ungulu, liman ya yi huɗuba a kai, aka sami wata sheƙar, aka kuma samun wata. Yanzu in kun je filin nan da hantsi za ku ga 'yan kaɗan suna sauka. Ba zan ce muku sun dawo kamar da ba, ba su dawo ba, amma yaran da ke aikin kankara yau in suka wurga rabon masu shara akwai mai ɗauka. Ban taɓa shakkar cewa ƙwan nan ba zai warkar da Saratu ba. Tambayar da ta ƙi barina ita ce wata. Da na ba shi, ya gwada ya ga bai yi ba, muna nan da zumuncinmu, shin da ya bar ni na kawo ta asibiti? Ni da na saba bin mutane da tambaya har Bompai, wannan ban sami wanda zan yi wa ita ba, kuma tana yi min ciwo har yau.

Da ciwon ajali ya kwantar da Yaya, matarsa ce ta aiko a ɓoye ta ce in zo. Na iso da hantsi na same shi kwance a ɗaki, ya juya fuska ga bango, ya rame har ban so in dube shi ba. Na yi sallama, na zauna a bakin ƙofa. Ina jin kaji a tsakar gida. Har na fara tunanin barci yake yi, sai na ji muryarsa, bai juyo ba.

"Habu."

"Na'am, Yaya."

"Ƙwan nan. Ya fashe kuwa?"

"Ya fashe, Yaya. Ya yi gashi, ya tashi. Na gan shi da idona."

Na ga kafaɗarsa ta ɗaga ta sauka.

"To, gara da ba a yi biyu babu ba," in ji shi. "Matso ka ɗaga ni, bayana ya gaji."

Na matsa na ɗaga shi.